Asabar Ɗin Da Mus'ab Bai Ɗaga Waya Ba

Duk mai hulɗa da kamfanonin fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda, da wuya bai taɓa cin karo da Mus'ab Bawa ba. Dogo ne siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya ko da kwantenar mutum ta maƙale ya zo yana zazzaga masa masifa. Abokan aikinsa sun san ya yi karatu a Scotland. Amma in suka nemi ya ba su labarin can, sai ya ce akwai sanyi, ya mayar da kai ga aikinsa.

A Karantina aka haife shi, can kudancin gari, a wani lungu da mota ba ta shiga sai dai a ajiye ta a bakin titi a ƙarasa da ƙafa. Mahaifinsa Bawa Bahaushen Sudan ne, daga Gadarif ya tsallako tun yana saurayi. Gyaran firiji da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne sana'arsa, kuma a zauren gidan da suke haya yake yi. Yana da wani teburin ƙarfe da ya haɗa da hannunsa, mai nauyin tsiya, a kansa ake kwantar da duk injin da ya mutu. Mus'ab ya tashi cikin warin man inji da ƙarar guduma, da ƙamshin burodin tamis daga gidan burodin wani Bayamane da ke bakin lungu. A waje Larabci yake yi kamar kowane yaron Jidda, a gida kuwa Bawa ya kafa doka, in ba da Hausa ka tambayi abu ba to bai ji ba. Hausar Mus'ab ta zauna, sai dai rabinta Larabci ne. Ta ƙanwarsa Sajida ta fi tasa karyewa.

Bawa bai yi makaranta mai zurfi ba, shi ya sa yake girmama takarda kamar wani abin tsarki. Tun daga littattafan ajin farko na Mus'ab bai yarda an zubar da ko ɗaya ba. In yaron yana karatu, guduma ma ajiye ta yake yi. Mahaifiyarsu Mastura takan yi masa tsiya ta ce, "Wai kai in yaron nan ya buɗe littafi ko numfashi ba za mu yi ba?" Sai ya ce, "Ku yi a hankali dai."

Da Mus'ab ya gama jami'a, wata gidauniya ta ba shi gurbin ƙarin karatu na shekara guda a Glasgow, kan harkar sufurin kaya. Ranar da zai tafi lungun gaba ɗaya ya fito. Gwadabe mai tsire, maƙwabcinsu wanda ya zo umara daga Najeriya shekaru da yawa ya yi zamansa, shi ya ɗauki akwatin a ka har bakin titi, yana cewa, "Ɗanmu zai je ya karanto mana Turawa."

A Glasgow ya haɗu da Thamer, ɗan Jidda shi ma, ɗan gidan masu hali, mai fara'a da sakin hannu. Ranar farko da suka gaisa Thamer ya rungume shi don murnar ganin ɗan garinsu, ya tambaye shi da Larabci, "Kai wace unguwa?"

Mus'ab bai shirya ƙarya ba. Kawai ya kalli agogon hannun Thamer da takalminsa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Wajen Rauda." Rauda kuwa arewa take, unguwar manyan gidaje da itatuwa. Thamer ya ce ai kusa suke ma, ya wuce zuwa wata hira. Shi kuwa Mus'ab daga ranar kullum sai ya kula da harshensa. In Mastura ta kira, fita yake yi daga ɗaki kafin ya amsa, kada a ji shi yana Hausa.

Cikin sanyin ƙarshen shekarar 2021, ɗaliban ajinsu suka shirya fita yawon ƙarshen mako zuwa Edinburgh. Za a ga tsohon gari da ganuwar sarakunansu ta kan dutse, a leƙa wata masana'antar wiski da ke bayan gari, a kwana, washegari a zaga ta bakin wani tafki a dawo. Mus'ab ya ɗan yi jim da ya ji maganar wiski. Thamer ya ce, "Yalla ya sheikh, kallo za mu yi. Ba wanda zai ɗura maka." Gaskiya kuwa ya faɗa, ba wanda ya ɗura masa.

Safiyar Asabar ɗin ta yi masa daɗi ƙwarai. Bai taɓa ganin gari irin wannan ba, gidajen baƙin dutse sun hau kan juna, lunguna ƙanana masu matakala suna gangarawa ta ƙarƙashin gine-gine. Har ya kusa cewa sun yi kama da lungunan unguwarsu, ya haɗiye. Mai yi musu jagora yana ta nuna musu yadda ake lallaɓa kowane tsohon bango kada ya zube. Suka hau ganuwa iska tana yankar kunne, suka yi hotuna a jikin manyan bindigogin da, suka ci soyayyen kifi da dankali a tsaye.

Bayan azahar motar ta kai su masana'antar. Tun daga ƙofa wani wari ya tare shi, kamar na ƙullun waina da ya kwana ya yi tsami. Wata mata mai jan gashi ta zaga da su, ta nuna musu manyan tukwanen tagulla masu dogon wuya, da rumbun da aka jera gangunan katako har rufi. Suna tsakiyar gangunan nan wayarsa ta soma rawa a aljihu. Sajida ce, kuma kiran bidiyo. Ya dubi abin da ke bayansa, ya katse. Ta sake kira, ya sake katsewa. Sai ya rubuta mata: "Ina maktaba, jarrabawa ta matso. Zan kira." Maktaba, wato ɗakin karatu na jami'a. Saƙon murya ya shigo, wani ya biyo shi. Ya ce a ransa ba ya wuce Umma tana son jin ko ya sa rigar sanyi, ya mayar da wayar aljihu.

Aka zaunar da su a wani dogon tebur, gaban kowa 'yan ƙananan kofuna da ruwan a ciki, wani kalar zuma, wani kalar shayi. Matar ta ce wanda ba ya sha ya faɗa a kawo masa lemo. Wata ɗaliba 'yar Malesiya ta ɗaga hannu ba tare da wata damuwa ba, aka kawo mata. Mus'ab ya ga hannunta ya tashi, nasa ya ƙi tashi. Ya ce a ransa sunsunawa kawai zai yi, ai matar ma cewa ta yi a fara da hanci. Ya sunsuna. Ta ce a ɗiga ruwa kaɗan, ya ɗiga. Ta ce to a kurɓa a riƙe a baki, sai ya ga kowa ya kai kofi baki, shi ma ya kai.

Wuta ce ta bi masa maƙogwaro har ciki, ga wani ɗanɗanon hayaƙi kamar wayar lantarki ta ƙone. Idonsa ya kawo ruwa. Matar ta tambaye shi yaya ya ji, ya ce da daɗi. Aka yi dariya, wani Bature ɗan ajinsu ya buga masa kafaɗa. Kofi na gaba bai yi zafin na farko ba. Kafin su tashi ya shanye nasa duka, jikinsa ya ɗau ɗumi, Turancinsa ya sake, ya ji duk mutanen teburin nan 'yan'uwansa ne.

A can rana ba ta daɗewa lokacin sanyi, kafin su dawo cikin gari duhu ya rufa. Suka shiga wata mashaya a tsohon gari, mai gajeren rufi, wuta na ci a murhu, wasu dattawa a kusurwa suna goga wani abu mai kama da goge, jama'a na buga ƙafa suna amshi. Mus'ab da ko a bikin unguwa ba ya rawa, ranar sai da aka ja shi tsakiya ya yi tsalle-tsalle har tabaransa ya faɗi. Daga nan suka koma wata mashayar, suka sake komawa wata. A ta ƙarshen ne suka samu wurin zama, Thamer yana latsa waya, can sai ya ce, "La ilaha illallah. Ku ga abin da ake yi a garinmu."

Ya ajiye wayar a tsakiyar tebur. Bidiyo ne wani ya ɗauka daga cikin mota. Katafila tana cin bango, ƙura ta tashi, mutane sun jibge katifu da tukwane a bakin titi. A jikin gidajen da ba a kai gare su ba an rubuta da jan fenti cewa a tashi. Motar ta ɗan rage gudu, sai ga gidan burodin Bayamanen nan, ƙofarsa a wangale, ba kowa ciki. Mus'ab ya san tsagewar da ke jikin bangon nan, ya san inda ake jingina keke.

Baturen da ya buga masa kafaɗa ya tambaya ina ne nan. Thamer ya ce tsofaffin unguwanni ne na kudu ake rushewa, yawanci mutanen Afirka ne a ciki, shi bai taɓa shiga ba. Ya girgiza kai ya ce, "Miskinai, ko ina za su?" Sai ya juyo. "Mus'ab, ka san wurin?"

Idanu suka dawo kansa. Ya ji kamar an rubuta Karantina a goshinsa, kowa na karantawa. Wiskin da ke kansa ya ba shi baki, ya ce, "Ni me zai kai ni? Dama wurin ƙazanta ne da ɓarayi. Gara a share."

Thamer ya ɗan dube shi, ya ce, "Haram alaik," ya ɗauke wayarsa. Aka koma hira. Mus'ab ya zauna da kofi a hannu, wayarsa na aljihu kamar garwashi, ya kasa taɓa ta. Ya san abin da ke cikin saƙonnin nan, kuma ya san da wannan bakin mai warin giya ba zai iya yi wa ubansa magana ba.

Sai da gari ya waye, kansa kamar ana sara da gatari, ya shiga banɗakin masaukinsu ya kulle ya kunna saƙon farko. Ba Sajida ba ce, muryar Bawa ce, yana haki.

"Mus'ab, ka ji ko? Sun zo, sun ce yau za a yanke wuta da ruwa, halas, kowa ya fita. Mun samu ɗaki a Sa'alaba wajen ɗan'uwan Ummanka. To mota ɗaya muka samu, ƙarama, kuma sawu ɗaya zai yi mana, mutane sun yi masa yawa. Littattafan nan naka, wanne ne za a ɗauka, wanne za a bari? Ni ban san su ba. Sannan abokin nan naka na nan Jidda mai babbar mota, turo mana lambarsa."

Na biyun Sajida ce, a gajarce. "Yaya, Baba ya ce kar a sake damunka tunda kana maktaba. Ya ce ka yi karatunka, za mu san yadda za mu yi."

Ya zauna a gefen bahon wanka ya daɗe. Da ya kira, Sajida ta ɗauka, muryarta a dishe. Ta ce sun tashi, suna Sa'alaba, kowa lafiya. Ya tambayi kaya. Ta ce an ɗauko katifu da tukwane da kayan sawa da akwatin kayan aikin Baba, sai littattafansa.

"Wanne daga ciki?"

"Kullu. Duka. Baba ya ce tunda ba a san mai amfani ba, ba za a bar ko ɗaya ba. Shi da Gwadabe suka yi ta jido su a kwali har titi. Su suka cinye rabin motar."

"Teburin Baba fa?"

Ta ce, "Ina za a sa shi? An bar shi. Da injinan da ke zaure, da gadon Umma."

Littattafan nan ba ko ɗaya da yake buƙata. Na firamare ne da sakandare, da tsofaffin takardun jami'a da ya riga ya wuce su. Kalma ɗaya ce da zai faɗa, a bar su. Abokinsa mai babbar mota kuwa, da ya kira shi ko daga ina yake sai ya zo.

Bawa ya karɓi wayar. Bai yi maganar gida ba, bai yi maganar tebur ba. Cewa ya yi, "Yaya jarrabawar? Ka samu ka yi karatun sosai?"

Mus'ab ya gyara riƙon wayar. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

"To madalla. Kar ka sa mu a ranka. Bango ne kawai."

Ranar aka kai su bakin tafkin, kowa na hoto, shi yana zaune a mota ya ce cikinsa ke ciwo. Bai sake kai giya bakinsa ba, bai kuma sake bin su ko'ina ba. Ya janye jiki daga Thamer a hankali, yau ya ce aiki, gobe ya ce mura, har Thamer ya gaji ya ƙyale shi. Yanzu kam da gaske a maktaba yake wuni. Ya ci jarrabawarsa da kyau, sai dai ko da sakamakon ya fito bai ji wani daɗi ba.

Da ya dawo Jidda ya tarar sun sake tashi, sun koma wani ɗan gida mai ɗaki biyu a gefen gari. Bawa ya rame, bayansa ya ɗan ranƙwafa tun jidon ranar. Ba zaure, ba tebur, sai dai ya rataya jakar kayan aiki ya bi gidaje, in an kira shi. Tsofaffin masu kawo masa gyara sun watse, wasu Makka, wasu sun koma ƙasashensu. Gwadabe ma ba wanda ya san inda ya faɗa. Kwalayen littattafan suna jibge a ɗakin da Mastura da Sajida ke kwana, sun tokare taga. Mus'ab ya ce a zubar da su. Bawa ya dube shi kamar ya yi saɓo, ya ce, "Bayan wahalar da muka sha a kansu?" Bai sake tayar da maganar ba. Ya samu aiki a kamfanin fito da kaya, kamfanin ya zama kafilinsa mai tsaya masa, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta daidaita, ya ɗauke wa gidan nauyin da zai iya.

Wata rana da la'asar, yana fitowa daga ofis, aka ƙwala masa kira daga wata farar mota. Thamer ne, ya zo bin wasu kayan mahaifinsa. Ya fito ya rungume shi, ya yi masa ƙorafin ɓacewa, ya rantse sai ya kai shi gida ya gaida iyayensa. Mus'ab ya kawo uzuri, Thamer ya ture. Suna fita babban titi Thamer ya sa sigina zai yi arewa.

Mus'ab ya ce, "Ba can ba. Yi kudu."

"Kun tashi daga Rauda?"

"Ba mu taɓa zama a Rauda ba."

Thamer ya juya kan motar.

Bawa ya yi murna da baƙon kamar an ce masa ɗansa ne ya dawo daga tafiya. Ya shimfiɗa masa darduma mafi kyau, Mastura ta aiko da shayi mai na'ana'a da ƙosai mai zafi. Da Larabcinsa na Sudan ya yi ta yi wa Thamer godiya, wai ya riƙe masa yaro a baƙon wuri. Hira ta yi hira har ta kai ga Karantina. Bawa ya ba shi labarin lungunsu, da ranar da aka tashe su, wata Asabar cikin sanyin shekarar da suke can.

"Ranar nan," in ji Bawa, yana nuna Mus'ab da kofin shayi, "duniya ta kife mana, amma wannan yana maktaba. Ko waya bai iya ɗagawa ba saboda karatu. Na ce da su kar wanda ya sake kiransa. Ai kai shaida ne, tare kuke. Ba haka yake ba?"

Mus'ab ya kafa ido a kan darduma. Yana jin lokacin da Thamer ya gane wace Asabar ce, don kofin da ke hannunsa ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Ya jira.

Thamer ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Haka ne, ya ammi, Baba. Duk ajinmu ba wanda ya kai shi ƙoƙari."

Bawa ya yi dariyar jin daɗi, ya ƙara masa shayi.

Da Mus'ab ya rako Thamer mota, suka tsaya ba mai kallon wani. Thamer yana wasa da makulli, can ya ce, "Gidan burodin nan na cikin bidiyo…"

"Bakin lungunmu ne."

"Wallahi da ka faɗa mini, a daren zan sa a tura musu mota daga shagonmu. Ko kaɗan ba zan ga baƙinka ba."

"Na sani," in ji Mus'ab. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, ya sani tun a lokacin.

Thamer ya dafa kafaɗarsa, ya shiga mota ya tafi. Suna gaisawa a waya lokacin salla, yakan kuma aiko wa Bawa da gyaran mukayyif na gidajen danginsu, amma maganar ba ta sake haɗa su ba.

A bara Mus'ab ya kama wa mahaifinsa ɗan shago kusa da gida, ya rage masa yawon bin gidaje. Ranar Asabar in ba ya aiki nan yake wuni, yana riƙe masa fitila, yana miƙa masa sukundireba, yana wanke matatun ƙura a bokiti. Bawa yakan ce mai digiri biyu bai kamata ya ɓata hannunsa da baƙin mai ba, shi kuwa sai ya yi kamar bai ji ba. Har yau bai gaya wa kowa a gidan inda yake a ranar ba. Sau da yawa ya shirya maganar, sai ya dubi fuskar tsohon ya ga ba shi kaɗai zai kunyata ba, har da abin da uban ke taƙama da shi zai ƙwace masa. Bawa kuwa bai daina ba da labarin ba. Duk baƙon da ya zauna a shagon sai ya ji shi, kuma da ya soma, Mus'ab yakan miƙe ya ce bari ya je ya karɓo musu shayi.